Hoton Biza: Dalilin Da Ya Sa Ake Mayar Da Shi, Da Yadda Ake Ɗaukar Wanda Zai Wuce

A yawancin shagunan ɗaukar hoto na garuruwanmu, idan ka shiga ka ce hoton fasfo kake so, ba wanda zai tambaye ka ina za ka kai shi. Za a zaunar da kai gaban ƙyalle, a ɗauka, a wanke maka guda huɗu ko takwas, ka biya ka yi gaba. Wannan hoton ya wadatar wajen neman gurbin makaranta, ko buɗe asusun banki, ko katin ƙungiyar kasuwa. Amma ofisoshin jakadanci ba su san wani abu guda ɗaya mai suna hoton fasfo ba. Kowace ƙasa da nata awon, da launin bangon da take so, da abin da ta yarda a sa a ka da wanda ba ta yarda ba. Shi ya sa mutum zai taso daga Sakkwato ko Maiduguri ya wuni a mota zuwa Abuja, ko daga Damagaram zuwa Yamai, da takardun banki da wasiƙar gayyata da komai nasa cif, a tsayar da shi a bakin teburi a ce hotonsa bai yi ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci ko neman a wahalar da baƙar fata. Ban ce babu wulaƙanci a harkar neman biza ba, akwai, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin ya sani. Amma maganar hoto dabam ce. Ƙa'idojinsa suna da dalili, kuma wanda ya gane dalilin ba sai ya haddace su ba.

Dalilin shi ne ba ɗan Adam ne ke fara kallon hoton nan ba, na'ura ce.

A da ba haka abin yake ba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, fasfo takarda ce kawai da ake siffanta mai ita a rubuce: tsawonsa kaza, hancinsa kaza, launin idonsa kaza. A 1914 aka kama wani ɗan leƙen asirin Jamus, Carl Hans Lody, wanda ya shiga Birtaniya da fasfon wani Ba'amurke. Ba a daɗe ba Amurka ta wajabta liƙa hoto a fasfo a ƙarshen wannan shekarar, Birtaniya ta bi sahu a 1915. Tun daga lokacin, shekaru da dama, jami'i ne ke duban hoto ya dubi mai shi ya yanke hukunci da idonsa. Canjin ya zo ne ta hannun Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Ita ta fitar da kundin ƙa'idojin takardun tafiya da na'ura ke iya karantawa, mai lamba 9303, wanda aka fara bugawa a 1980. A 2003 kuma ta tsayar da fuska a matsayin babbar shaidar jiki da ƙasashe za su riƙa tantance matafiya da ita, zanen yatsu da ƙwayar ido su zama ƙari. Fasfon Najeriya mai ƙwaƙwalwar lantarki a jikin bangonsa, wanda aka fara bayarwa a 2007, a kan wannan tsari aka gina shi.

Abin da manhajar ke yi da hotonka ba kallon kyau ba ne. Tana fara neman idanu biyu, ta daidaita fuskar a kansu, sannan ta mayar da siffarta jerin lambobi. Waɗannan lambobin ake kwatantawa da hotunan da ke ajiye: na bizar da ka taɓa nema, na waɗanda aka hana shiga, da kuma fuskar da kyamarar filin jirgi za ta ɗauka ranar da ka sauka. Ƙasashen Turai na yankin Shengen sun fara aiki da sabon tsarin shige da fice a ranar 12 ga Oktoba 2025, inda ake ɗaukar fuska da yatsun baƙo a bakin iyaka maimakon dogaro da hatimi kaɗai. Ke nan duk abin da ya rufe ido, ko ya karkatar da kai, ko ya jefa inuwa a kumatu, ko ya sauya fasalin fuska, ya ɓata lissafin. Hana murmushi, hana tabarau, hana juya gefe, duk daga nan suka samo asali.

Mu fara da awo, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Amurka hoto mai kusurwa huɗu daidai take so, inci 2 tsawo inci 2 faɗi, wato milimita 51 kowane gefe. Kan mutum, daga haɓa zuwa ƙololuwar kai, ya kasance tsakanin milimita 25 zuwa 35, abin da ya kama kashi 50 zuwa 69 cikin ɗari na tsawon hoton. Ƙasashen Shengen, irin su Jamus da Faransa da Italiya da Sifaniya, nasu milimita 35 ne faɗi, 45 tsawo, kuma fuska ta cika kashi 70 zuwa 80 na hoton, wato kai ya kai milimita 32 zuwa 36. Dubi bambancin da kyau. A hoton Amurka ana ganin kafaɗu da sarari a saman kai. A na Turai fuska ce ta mamaye kusan ko'ina. Mai shagon da ya ɗauki hoton Amurka ya sa almakashi ya rage gefensa ya ce ya zama na Turai, sau da yawa kan zai fito ƙarami. Wanda kuma ya ɗauki na Turai ya ja shi a kwamfuta don ya cika inci biyu, ya faɗaɗa fuskar mutum ya mayar da shi wani dabam. Ba a gyara ɗaya ya koma ɗaya bayan an wanke. Daga asalin hoton da ke cikin kyamara ake yanko kowane awo.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kaya sun san na Chaina ma nasa daban ne: milimita 33 faɗi, 48 tsawo, farin bango tas, kai tsakanin milimita 28 zuwa 33. Turkiyya santimita 5 da 6 take karɓa a farin bango. Kanada, inda ta buƙaci hoton takarda, 35 da 45 ne irin na Turai, amma kai milimita 31 zuwa 36. Indiya, inda marasa lafiya da ɗalibai ke yawan zuwa, mai kusurwa huɗu daidai take so irin na Amurka. Saudiyya farin bango. Birtaniya kuwa a galibin bizarta ba ka zuwa da hoto, a cibiyar karɓar takardu ake ɗaukarka tare da yatsu. Sai dai duk abin da za a faɗa nan gaba game da sutura da fuska ya shafi yadda za ka shirya ranar. Ƙasashe suna sauya waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, don haka maganar ƙarshe ita ce wadda ke shafin ofishin jakadancin ranar da kake nema, ba wadda ejan ya haddace shekara biyar da suka wuce ba. Ka buɗe shafin a wayarka, ka nuna wa mai hoto lambobin da idonsa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a kai, domin laifin ba na jahilci ba ne, na kyautatawa ne. Mai hoto a wajenmu ya taso ne a kan cewa aikinsa ya fito da mutum fes. Da zarar ya ɗauka sai ya koma gaban kwamfuta, wanda aka ɗauka na tsaye a bayansa yana leƙe.

"Malam, ka ɗan haska ni mana, na yi baƙi da yawa."

"Kada ki damu Hajiya, yanzu za ki ga aiki."

Sai ya goge ƙurajen goshi, ya shafe tabon da ke gefen hanci, ya sulɓe fatar ta koma sumul, ya ƙara haske har launin ya tashi daga baƙi zuwa wankan tarwaɗa. Idan namiji ne ya zo da riga mai datti ko wadda ba ta yi masa ba, sai a yanko kansa a ɗora a kan kwat da lakataye da ke ajiye a kwamfutar. Idan bangon ja ne ko shuɗi, a share shi da manhaja a zuba fari, gefen kunne da gashi su fito da zagaye kamar an yanka da reza. Duka biyun sun rabu suna murna, alhali garin gyaran gira an rasa ido. A ƙa'idar Amurka da ta ƙasashen da ke bin tsarin ICAO, hoton da aka taɓa siffar mai shi da kwamfuta, ko filtar waya, ko manhajar ƙirƙirarriyar basira, ba karɓaɓɓe ba ne.

Tsananin da suke yi a nan yana da tushe. Masu bincike sun nuna tun 2014 cewa ana iya haɗa fuskokin mutum biyu a kwamfuta a fitar da hoto guda da zai yi kama da kowannensu, har na'urar bakin iyaka ta amince da su duka. Idan aka ba da takardar tafiya da irin wannan hoto, mutum biyu za su iya amfani da ita. Tun daga nan ake sa ido sosai a kan duk wata alamar taɓi a hoto. Jami'in da ya ga fata sumul babu ramin gashi ko ɗaya, ko wuya da kwala da ba su haɗu daidai ba, ba shi da hanyar sanin cewa kwalliya kawai aka yi maka. Abin da ya gani shi ne hoton da aka sarrafa.

Zanen fuska ya cancanci a ambace shi shi kaɗai. Dattawa da yawa, da matasa ma a wasu yankuna, suna ɗauke da bille ko tsagar gado a kumatu ko a gefen ido. Wasu masu hoto kan shafe su ba tare da an ma roƙe su ba, a ganinsu zamani ne. Wannan zanen yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin tabbatar da cewa kai ne kai. Yana fasfonka, yana fuskarka ranar ganawa, to me zai sa ya ɓace a hoton biza? Haka tabon ƙuna, da tawadar Allah, da alamar sujada a goshi. A bar kowanne inda yake. Mata kuma su sassauta kwalliya ranar: hoda mai canza launi, gashin ido na kanti mai rufe ƙwayar ido, jan baki da ya zarce iyakar leɓe, da gilashin ido mai launi da ake liƙawa, duk suna nesanta hoton da fuskar da za a gani a filin jirgi bayan tafiyar awa shida babu barci. Ɗan kwalli kaɗan ba ya hana komai.

Sai dai akwai gaskiya a cikin kukan Hajiyar can da ta ce ta yi baƙi da yawa. Hotunan fasfo da dama na masu duhun fata suna fitowa dusu-dusu, ba a rarrabe hanci da kumatu. Dalilin yana cikin yadda kyamara ke auna haske. Idan ta ga farin bango ya cika wuri, ga kuma farar riga, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi gaba ɗaya. Bangon ya fito daidai, fuskar ta nutse. Maganin wannan ba a kwamfuta yake ba, a wajen ɗauka yake. A auna hasken a kan fuska, ba a kan bango ba. A sa fitila biyu, dama da hagu, masu laushin haske, don kada gefe ɗaya ya yi duhu. A matso da mutum gaba kamar taku ɗaya daga bangon don kada inuwarsa ta faɗa a kai. A guji harba filas kai tsaye daga kan kyamara, domin shi ke sa goshi da karan hanci su yi ƙyalli fari, kuma a na'ura wannan ƙyallin wuri ne da babu bayani a cikinsa. Wanda ya shigo daga rana yana zufa ya zauna ya huce, ya goge fuska da hankici kafin a ɗauka.

Wannan matsala ba zato ba ce. A watan Disamba 2019 cibiyar auna ingancin fasaha ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189, ta gano cewa da yawansu sun fi yin kuskuren haɗa mutum da wanda ba shi ba idan fuskar ta 'yan Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas ko 'yan gabashin Asiya. A 2020 kuma wani bincike na BBC a kan manhajar duba hoton fasfo ta Birtaniya ya nuna tana cewa hoton mata masu duhun fata bai yi ba a kashi 22 cikin ɗari, alhali na maza masu hasken fata kashi 9 ne kawai. Wannan rashin adalci ne da ya rataya a wuyan masu ƙera manhajojin su gyara. Amma kafin su gyara, abin da ke hannunmu shi ne kada mu ƙara wa na'urar da dama can ba ta iya ganinmu sosai ba wani dalilin yin kuskure. Hoto mai isasshen haske, da launin fata na gaskiya, shi ne kariyar mai duhun fata, ba wanda aka ɗashe ba.

Daga nan sai maganar lulluɓi, wadda ta fi damun iyayenmu mata. Amurka, Birtaniya, Kanada, Chaina da mafi yawan ƙasashen Turai sun yarda a ɗauki hoto da abin rufe kai idan na addini ne da mutum ke sawa kullum. Sharaɗin guda ne: fuska ta fito gaba ɗaya daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da gefe da gefe, kuma mayafin kada ya yi mata inuwa. Hijabin da aka saba ɗinkawa a nan yakan sauko ya rufe rabin goshi, ya haɗiye haɓa, ya matse kumatu har fuskar ta koma 'yar ƙarama. Mai hoton da ya san aikinsa zai ce, "Hajiya, a ɗan ja shi baya kaɗan, a fito da haɓa," kuma wannan ba raini ba ne. Launi ma abin lura ne. Farin hijabi a gaban farin bango yana narkewa cikinsa, a rasa inda kai ya tsaya. Mai duhu, kamar ruwan toka mai kauri ko shuɗi ko ruwan ƙasa, ya fi. Niƙabi kam babu ƙasar da ke karɓar hoto da shi. Wadda ke sa shi za ta iya neman mace ta ɗauke ta, ko a ɗauke ta a gida, amma fuskar dole ta bayyana.

Ga maza, hula ce abin tambaya. A wajenmu cikar kamala ce, dattijo ba ya jin daɗin a gan shi kai a sake. To amma jami'in da ke duba hoton yana iya ɗaukar zanna bukar ko damanga a matsayin ado na al'ada, ba wajibin addini ba, kuma ba ka nan balle ka yi masa bayani. Shawarata a cire ta na minti ɗaya, a huta da jayayya. Mai rawani da ba ya rabuwa da shi, ya tabbata goshi a buɗe yake, amawali kuma ya sauka ƙasa da haɓa. Farar shadda ko farin yadi suna da matsala iri ɗaya da farin hijabi. Kakin soja ko na ɗan sanda ko duk wani inifom, Amurka ba ta karɓa.

Faransa ta fita daban, kuma ya kamata 'yan Nijar da Kamaru da Chadi masu zuwa karatu can su san da haka tun daga gida. A takardunta na hukuma, wato fasfo da katin ɗan ƙasa da katin izinin zama, ƙa'idarta kai a buɗe, babu hula babu ɗankwali, kuma bango ya zama mai haske kamar ruwan toka ko shuɗi mai haske, fari haramun ne. An kai ta ƙara a kan wannan. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayanta a 2008 a shari'ar wani mabiyin addinin Sikh da ya ƙi cire rawaninsa don hoton lasin tuƙi. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2011 ya ce ta tauye 'yancin addinin wani Sikh ɗin a kan hoton katin zama. Duk da haka ƙa'idar tana nan. A ganina kwamitin ne ke da gaskiya, tunda ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita suna gane fuskar mai hijabi ba tare da wata wahala ba. Amma ɗalibar da za ta je ta zauna can ta san abin da za ta tarar ranar neman katin zama, ta yanke shawararta da saninta. Game da hoton bizar kanta, a karanta abin da ofishin jakadancin Faransa na ƙasar da ake nema ya rubuta.

Tabarau ba ya buƙatar dogon bayani. Amurka ta hana shi kwata-kwata tun 1 ga Nuwamba 2016, sai wanda likita ya rubuta wa takarda cewa ba zai iya cirewa ba, misali bayan aikin ido. Wasu ƙasashen suna bari idan gilashin fari ne, ba ya ƙyalli, kuma firam bai tare ido ba, amma cika waɗannan sharuɗɗa uku a lokaci guda ya fi cirewar wuya. Baki a rufe, ido a buɗe yana kallon kyamara, kai a miƙe ba a langaɓe ba, babu abin sauraren waya a kunne. Na'urar taimaka wa ji ba ta cikin hanin.

Wata shida shi ne iyakar tsufan hoto a kusan ko'ina. Mutane kan ce ai fuskata ba ta canza ba, wa zai sani? Sanin ba wuya: idan hoton da ka kawo shi ne a jikin bizar da aka ba ka shekara biyu da suka wuce, ga shi nan a cikin fasfon da ke hannun jami'in, ga shi kuma a kwamfutarsa. Ko hoton bai kai wata shida ba, Amurka na neman sabo idan kamanni sun sauya sosai, kamar bayan tiyatar fuska, ko haɗari, ko rama ko ƙiba mai yawa. Tsayar da gemu ko rina gashi ba sa cikin wannan. Inda tsohon hoto ya fi yin ɓarna shi ne cacar bizar zama a Amurka. An cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015 saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka yi ƙaura can, amma 'yan Nijar da Ghana da Kamaru sun daɗe suna cikewa. A dokar cacar, sake amfani da hoton bara yana soke shigar mutum, kuma dole mata ko miji da kowane ɗa da bai kai shekara 21 ba kuma bai yi aure ba a sa hotonsa shi kaɗai, ba na taron iyali ba. Masu shagon intanet da ke ajiye hotunan kwastomomi suna sake tura su duk shekara suna jawo musu asarar da ba su ma san sun yi ba.

Yau galibin nema ta intanet ake fara shi, don haka hoton yana da awo na biyu, na fayil. A fom ɗin Amurka na DS-160, hoton ya zama nau'in JPEG, mai launi, daga fiksel 600 da 600 zuwa 1200 da 1200, nauyinsa kada ya wuce kilobait 240. Ma'aikatar harkokin wajensu tana da manhajar yanka hoto kyauta a shafinta, wadda ke nuna inda kai ya kamata ya tsaya. Idan hoton bai hau ba, a takardar shaidar cike fom za ka ga alamar X a gurbinsa, sai ka tafi da wanda aka wanke ranar ganawa. Ni dai ina ganin ko ya hau, a tafi da shi. Kuma hawan hoto a shafi ba ya nufin an karɓe shi, hukuncin ƙarshe na jami'in ofishin ne.

Kuskuren da ya fi yawa a nan guda biyu ne. Na farko, a ajiye hoton takarda a kan teburi a ɗauke shi da waya a tura. Yana fitowa a karkace, da ƙyallin takarda, da launin da ya gurɓace. Na biyu, mai hoto ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi ta zubar da rabin ingancinsa, a sake tura wa ejan, ya sake matsewa. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, ko ta imel, ko a zuba maka a filashi. Asalin fayil ɗin haƙƙinka ne, kai ka biya, ka karɓa ka adana.

Ana iya ɗauka a gida da waya mai kyau, kuma wani lokaci ya fi na shagon da ba su san ƙa'ida ba. Amma ba hoton ɗauki-kanka ba. Wani bincike da aka buga a 2018 a wata mujallar likitocin gyaran fuska ta Amurka ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara girman hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da na nisan mita ɗaya da rabi. Wani ne zai riƙe wayar, ya tsaya nesa kamar taku biyu, kyamarar daidai tsayin idonka, ya yi amfani da ta baya. A shiga saitin a kashe duk wani abin gyaran fuska, domin wayoyi da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu suna zuwa da shi a kunne, suna haska fata da sulɓe ta ba tare da an umarce su ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, mutum yana fuskantar ƙofa ko taga, bayansa farin bango ko farin zanen gado da aka goge aka ɗame.

Jariri ma sai da nasa hoton, ko kwanansa arba'in. Ba a yarda hannun uwa ko kafaɗarta ko abin tsotso ya fito ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa farin zani a kwantar da shi rigingine, a tsaya a kansa a ɗauka daga sama, a kula kada inuwar mai ɗauka ta faɗa masa. Ana sassauta wa jarirai a kan buɗe ido da yanayin fuska, amma yaron da ya fara tafiya ana so ya kalli kyamara. A ɗauka da yawa bayan ya ƙoshi ya yi barci ya tashi, a zaɓi guda.

Kada kuma a ɗora wa hoto abin da ba nasa ba. Hoto mai kyau ba ya sa a ba ka biza, kuma duk ejan da ya ce yana da mai hoto na musamman da hotonsa ke sa a dace, kuɗinka yake so. Abin da jami'i ke aunawa shi ne dalilin tafiyarka, da ƙarfin aljihunka, da abin da zai dawo da kai gida. Aikin hoto kawai kada ya tsayar da takardunka kafin a kai ga wannan. Wanda ya biya dala 185 na bizar ziyarar Amurka, ko yuro 90 na Shengen, ya ƙara da kuɗin mota da masauki, bai kamata ya yi tsimin kuɗin sake hoto ba. A yi shi kwana biyu ko uku kafin tafiya, a auna kan da rula a gaban mai shagon, a tabbata a takardar hoto ta gaske aka wanke shi ba farar takardar ofis ba. A sa shi a ambulan, kada a cusa a walat ya lanƙwashe, kada a danna masa sitefula a fuska, kuma kada a liƙa shi a fom sai in an ce a liƙa.